Darasi na Sha Ɗaya: Tsinken Gwajin Fitar Ƙwai ga Mai Neman Haihuwa

Da wuya a sami matar aure a yau wadda ba ta san tsinken gwajin ciki ba. A saya a kemis, a tsoma a fitsari, layi biyu ciki ne, layi ɗaya babu. To, akwai wani tsinken da ya yi kama da shi kamar an tsaga kara, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, amma kowanne da tambayar da yake amsawa. Na gwajin ciki yana ba da labarin abin da ya riga ya faru. Wanda za mu koya a wannan darasi yana ba da labarin abin da ke tafe: ƙwan haihuwa ya kusa fita, gobe ko jibi.

Mun san halin da mai jiran haihuwa take ciki a gidajenmu. Shekara guda da biki, in ba a ga amarya tana laulayi ba, an fara kallon cikinta kafin a kalli fuskarta. Kowa da maganin da zai kawo, wannan jiƙo, wancan hayaƙi. Haihuwa rabo ce daga Allah, babu mai ja da wannan, kuma neman sanin yadda Ya tsara jikin mace yana cikin neman rabon. Darasin nan na mata ne da mazajensu. Maigida da ke wannan aji kada ya tsallake shafi ko ɗaya, domin rabin maganar tasa ce.

Abin da ke faruwa a jiki kowane wata

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Daga kowace akwai siririn bututu da ya nufi mahaifa. A kowane zagaye na al'ada, galibi ƙwai ɗaya ne ke nuna. Idan ya kusa nuna, sai wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ta kwararo wani sinadari cikin jini da yawa lokaci guda. Likitoci suna kiran sa LH. Shi ne ke ba ƙwai umarnin fita. Bayan hawansa da kamar awa 24 zuwa 36, sai ƙwai ya fito ya faɗa cikin bututu. Sinadarin nan yana biyo fitsari, kuma shi tsinken yake farauta. Tsinken ba ya ganin ƙwai da kansa, umarnin fitar kawai yake gani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙwan mace ba ya daɗewa. Daga fitarsa, awa 12 zuwa 24 kaɗai yake da su. In bai haɗu da maniyyi a cikinsu ba, ya mutu, sai kuma wani watan. Ƙwayoyin maniyyi sun fi shi juriya, suna iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar idan sun tarar da yanayi mai kyau. A haɗa waɗannan biyun, sai a ga kwanakin ɗaukar ciki a wata ba su wuce shida ba: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitar kanta. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 1995, wanda ya bi mata 221 masu neman haihuwa suna ba da fitsari kullum, ya gano cewa duk cikin da aka samu daga saduwar waɗannan kwanaki shida ne. A cikin shidan ma, ukun ƙarshe sun fi albarka.

Manomi zai gane wannan da sauri. Akwai shukar da ake yi bayan ruwa ya sauka, akwai kuma binne, inda ake zuba iri a busasshiyar ƙasa ya zauna yana jiran ruwan farko. Ɗaukar ciki ya fi kama da binne. An fi so maniyyi ya riga ƙwai isa, ya zauna a bututu yana jira. Wanda ya ce sai ƙwai ya fita sannan zai motsa, sau da yawa ya makara.

Lissafin ranar da za a fara

Mace musulma ba baƙuwar ƙirga kwanaki ba ce. Saboda salla da azumi ta san ranar da jini ya zo, ta san ranar da ta yi wanka. Abin da za a ƙara kawai shi ne rubutawa. Ki samu ɗan littafi ko kalanda. Ranar da jini ya zo sosai, ba ɗan ɗigo ba, ita ce rana ta ɗaya. Ki ci gaba da ƙirge har jajibirin zuwan jini na gaba. Adadin da kika samu shi ne tsawon zagayenki. A nan mata da yawa suke kuskure, suna fara ƙirge daga ranar wanka. Daga ranar zuwan jini ake farawa.

Misali, jini ya zo ranar 3 ga Maris, na gaba ya zo ranar 31 ga Maris. Daga 3 zuwa 30 kwana 28 ke nan. Wadda take lissafi da watan sama, in ta ga kullum al'adarta tana zuwa a rana ɗaya ta wata, to zagayenta kwana 29 ne ko 30. Duk zagayen da ke tsakanin kwana 21 da 35 lafiyayye ne. Ba dole sai 28 ba.

Kun sha jin ana cewa ƙwai yana fita a rana ta 14. Wannan magana ta ɓatar da mata da yawa. Abin da likitoci biyu suka gano tun a shekarun 1920, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowa a nasa binciken, shi ne ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin jini na gaba. Daga baya ake ƙirgowa. Mai zagayen kwana 28, nata zai faɗo wajen rana ta 14, shi ya sa maganar ta yaɗu. Amma mai kwana 35, nata sai wajen rana ta 21. Mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10, wato 'yan kwanaki bayan ta yi wanka. In wannan matar ta zauna jiran rana ta 14, kowane wata sai kasuwa ta watse take zuwa.

Tsinke yana da tsada in za a yi ta amfani da shi daga farkon wata zuwa ƙarshe. Don haka ga ƙa'ida mai sauƙi: ki cire 17 daga tsawon zagayenki, abin da ya rage ita ce ranar da za ki fara gwaji. Kwana 28 a cire 17, saura 11. Matar misalinmu da jininta ya zo ranar 31 ga Maris za ta fara gwaji ranar 10 ga Afrilu, domin ita ce rana ta 11. Mai kwana 30 ta fara a rana ta 13, mai 32 a rana ta 15, mai 24 a rana ta 7. Idan zagayenki yana sauyawa, wannan wata 27, wancan 31, ki duba watanni shida da suka wuce ki ɗauki mafi gajarta ki yi lissafi da shi. Gara ki ɓata tsinke biyu da ki wuce ranar. Wadda ba ta taɓa rubutawa ba, ta fara daga wannan watan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sayen tsinken da yin gwajin

Ki saya a kantin magani da kika amince da shi. Ki faɗa wa mai kanti a fili cewa na fitar ƙwai kike so, ba na ciki ba, sannan ki duba jikin ledar da kanki: na fitar ƙwai an rubuta LH, na ciki an rubuta hCG. Ki duba ranar lalacewa. A Najeriya a duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Kada ki karɓi wanda ledarsa ta huje. Galibin kamfanoni suna cewa a ajiye shi a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, ga shi a bazara garuruwanmu kan haura 40. Saboda haka kada a bar shi a taga, ko kicin, ko cikin mota. A sa shi a ƙasan akwati a ɗakin da ya fi sanyi, kuma kada a yage ledar sai za a yi aiki da shi. Mafi yawan mata tsinke biyar zuwa goma yana isar su a wata.

Na gwajin ciki an saba yin sa da fitsarin farko na asuba. Wannan kuwa, irin na tsinke mai araha, ya fi kyau daga hantsi zuwa isha'i. Dalili shi ne sinadarin yakan fara hawa a jini da sassafe, kuma yana ɗaukar wasu awoyi kafin ya bayyana a fitsari. Bayan azahar lokaci ne mai kyau, ga shi da sauƙin tunawa. Ki tsayar da lokaci ɗaya kullum. Kamar awa biyu kafin gwaji ki rage shan ruwa da shayi da kunu, domin ruwa mai yawa yana tsarma fitsari har sinadarin ya ɓace wa tsinke. Ragewa na ce, ban ce ki zauna da ƙishirwa a tsakiyar zafi ba. Mai azumi ta yi nata kafin a sha ruwa. Akwai na'urori masu batir, irin na Clearblue, da ke nuna hoton fuska mai murmushi a maimakon layi. Wasunsu fitsarin safe suke so, don haka takardar da ke cikin kwali ita ce gaba da duk abin da na faɗa a nan. Sun fi sauƙin karantawa, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin ƙarfi ba ta yi asarar komai ba in ta tsaya kan tsinke.

Ki tari fitsari a ƙaramin kofi mai tsabta, busasshe, wanda kika ware don wannan aiki. Ki tsoma bakin tsinken da kibiya ta nuna, kada fitsari ya haura layin iyaka da aka zana. Ki riƙe shi na 'yan daƙiƙun da takarda ta ce, ki ciro, ki shimfiɗa shi a kwance. Ki duba agogo. Yawancinsu ana karantawa ne bayan minti biyar, kuma abin da ya fito bayan minti goma ba a aiki da shi.

Yanzu ga wurin da na fi so ku buɗe kunne. Tsinken yana da gurbin layi biyu. Na sama, mai harafin C, shi ne shaidar cewa tsinken yana aiki. In bai fito ba, tsinken ya lalace, a jefar a ɗauki wani. Na ƙasa, mai harafin T, shi ne na sinadarin. A gwajin ciki, ko da layi na biyu ya fito dishi-dishi, ciki ne. A nan ba haka ba ne. Jikin mace kusan kullum yana da ɗan LH, don haka layi na biyu mai haske zai iya fitowa a kowace rana ta wata, kuma ba ya nufin komai. Sai ranar da layin T ya kai layin C duhu, ko ya fi shi, sannan a ce gwaji ya nuna. Ki duba a hasken rana, ko fitila mai haske sosai. Dabara mai kyau ita ce ki manna tsinkayen a jere a shafin littafinki, ki rubuta rana a gefen kowanne tare da abin da kika gani a lokacin karantawa, domin launin yakan sauya in ya bushe. Wasu matan za su ga layin yana ƙara duhu a hankali, wasu kuma jiya babu, yau ga shi baƙi wuluk. Duk daidai ne. A wasu matan hawan sinadarin gajere ne, ba ya cika yini da kwana. In kin ga layi ya fara duhu, ki gwada sau biyu a rana, da azahar da kuma bayan magariba. Da zarar ya nuna sau ɗaya, gwajin wannan wata ya ƙare, ki adana sauran tsinken.

Idan ya nuna

Daren ranar da ya nuna, da daren gobe, su ne manyan darare. In an ƙara da na jibi, babu laifi. Amma ku tuna da binne: kwanakin da suka gabaci nunawar ma suna cikin shidan nan. Don haka tun daga ranar da aka fara gwaji, ya kyautu ma'aurata su riƙa kusantar juna bayan kwana ɗaya ko biyu. Akwai mazan da ake ba shawarar su ƙaurace wa iyali mako biyu wai don su tara ƙarfi. Wannan shawara ba ta da amfani. Maniyyin da ya daɗe a tare, ƙwayoyinsa sukan rage kuzari.

Zan faɗi wata gaskiya da mai sayar da tsinke ba zai faɗa ba. Miji da mata da ke kwana ɗaki ɗaya, suna saduwa bayan kowane kwana biyu ko uku duk tsawon wata, da wuya su kuskure kwanakin nan ko ba su taɓa ganin tsinke ba. In ƙirge da gwaji sun fara mayar da shimfiɗa wurin fargaba, har maigida yana jin kamar an sa masa jarrabawa, a ajiye tsinken wata ɗaya ko biyu a huta.

Waɗanda tsinken ya fi yi wa rana su ne waɗanda ba kullum suke tare ba, kuma muna da su da yawa. Direban babbar mota da ke Legas mako uku. Ɗan ci-rani. Ma'aikacin da ke Abuja ko Yamai, iyali na gida, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata. In mace ta yi gwaji wata biyu ko uku ta ga kullum yana nunawa tsakanin rana ta 15 da ta 17, to an san makon da ya kamata maigida ya nemi hutu ko ya shirya dawowa. Ya iso kafin ranar, kada ya jira a kira shi a waya ranar da layi ya yi duhu, alhali yana da tafiyar kwana biyu a gabansa.

Sai gidan da ke da mace fiye da ɗaya, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba sa kawo shi, mu kuwa dole mu kawo. A ce girki kwana bibbiyu ne, kamar yadda aka saba. Mata biyu, babu damuwa, domin a kowane kwana shida dole girkinta ya faɗo. Mata uku, tana da dare biyu, tana jiran huɗu, za ta samu wani abu daga cikin shidan, ko da ba mafi albarkar ba. Mata huɗu kuwa, dare biyu nata, shida na abokan zama. Yana yiwuwa kwanakin ɗaukar cikinta su faɗa gaba ɗaya a cikin shidan da ba nata ba. Irin wannan baiwar Allah lafiyarta ƙalau, mijinta lafiyarsa ƙalau, lissafi ne kawai bai haɗu ba, amma ita za a riƙa yi wa gori. Maganin wannan ba satar kwana ba ce, satar kwana zalunci ce kuma tana rusa gida. Hanyar ita ce a nemi yardar mai girki a yi musanya, a biya ta kwananta daga baya. Kyautar kwana da yardar mai shi sananniyar aba ce a Musulunci, Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha nata. Nauyin buɗe wannan magana yana kan maigida, kuma ya yi ta da mutunci, ba tare da ya tona sirrin wadda ke nema ba fiye da yadda ta yarda.

Wasu suna sayen tsinken don an ce musu in aka sadu a ranar fitar ƙwai namiji za a haifa, in kafin ranar mace. Binciken 1995 da na ambata ya duba wannan, bai sami wata alaƙa tsakanin ranar saduwa da jinsin jariri ba. Haka kuma kada a mayar da tsinken hanyar tazarar haihuwa. Kafin ya nuna, kwanaki uku ko huɗu na ɗaukar ciki sun riga sun shige.

Bayan ya nuna, ki sa ran jini nan da kamar kwana 14 zuwa 16. In ranar ta wuce shiru, lokacin tsinken gwajin ciki ya yi. Tun kafin a kai nan, duk mai neman ciki ta riƙa shan ƙwayar folik asid kullum. Abin da ake so aƙalla maikirogiram 400 ne a rana, daga kafin ɗaukar ciki zuwa mako 12 na farko, domin yana rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Lakar jariri tana haɗuwa ne a makonnin farko, lokacin da uwa ba ta ma san tana da ciki ba. Ki tambayi ma'aikaciyar asibitin awo irin wanda suke da shi.

Jiki ma yana magana

Wadda ba ta da kuɗin tsinke kowane wata, Allah Ya sa mata alama a jikinta kyauta. Bayan wanka gaba yakan kasance a bushe na 'yan kwanaki. Daga nan sai wani farin ruwa mai kauri ya fara zuwa. Idan ƙwai ya kusa fita, ruwan yakan tsinke ya yi garai-garai, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, in aka sa tsakanin yatsu biyu yana miƙewa. Wannan ruwan shi ne ke raya maniyyi har kwanakin nan biyar, shi ne kuma hanyar da yake bi ya shiga mahaifa. Abin baƙin ciki, mata da yawa suna ganin sa su ɗauka ciwon sanyi ne, su nemi magani, ko su yi matsi da abubuwan da ke busar da gaba. A daidai lokacin da jiki ya buɗe ƙofa, sai a rufe ta da hannu. Ruwan ciwo daban yake: yana wari, ko ƙaiƙayi, ko ya zo kore ko rawaya, wannan a kai shi asibiti. Mai neman haihuwa ta bar cusa komai a gabanta in ba likita ne ya ba ta ba. In aka haɗa lura da wannan ruwa da tsinke, sai a rage ɓarnar tsinke, domin ranar da yauƙi ya fara, ranar ce ta dagewa da gwaji.

Ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba

Mun ce tsinken umarnin fita yake gani. Hadari ne yake nuna miki. Galibi in hadari ya haɗu ruwa yakan sauka, amma wani lokaci iska ce ke watsa shi. Akwai matan da ke da larurar da likitoci ke kira PCOS. Alamominta sun haɗa da al'ada mai tsallake watanni, ƙurajen fuska, gashi a haɓa ko ƙirji, wani lokaci da ƙiba. Da yawansu sinadarin LH yana sama a jikinsu kullum, sai tsinke ya yi ta nunawa kwana da kwanaki alhali ƙwai bai fita ba. Haka ma macen da ta doshi shekarun ɗaukewar al'ada. Wadda ke da ƙaramin ciki ba ta sani ba, ita ma tsinken yana iya nuna mata, domin sinadarin ciki ya yi kama da LH. Wasu alluran neman haihuwa ma suna sa shi nuna ƙarya.

Akwai kuma wadda za ta yi ta gwaji bai nuna ba. In wata ɗaya ne, kada hankali ya tashi. Wataƙila an makara wajen farawa, ko fitsari ya tsarmu, ko zazzaɓi ko tashin hankali ya jinkirta ƙwai a wannan watan. Mai shayarwa, musamman a watannin farko, ƙwanta yakan dakata. Wadda ta daina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, jikinta yana iya ɗaukar watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara, kafin ya koma daidai, kuma wannan jinkiri ne kawai, allurar ba ta kashe mahaifa. Amma in an yi wata uku a jere ana gwaji bisa ƙa'ida bai taɓa nunawa ba, a je asibiti da littafin. Kada a biya kemis a sayi Clomid don wata ta ce shi ta sha ta haihu. Magani ne na gaske mai ƙarfi, likita ke ba da shi bayan bincike, yana bin sa da sikanin, kuma ba a yawan wuce wata shida ana shan sa. In matsalar ba ta fitar ƙwai ba ce, shan sa ɓata lokaci ne da jawo wa kai wata cutar.

Abu biyu manya tsinken ba ya ganin su sam. Na farko bututun nan. Ƙwai zai iya fita kowane wata a kan lokaci, amma in hanya a toshe take, ba zai haɗu da maniyyi ba. A ƙasashenmu na Afirka toshewar bututu tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa, kuma galibi daga ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba ne, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Shi ya sa ake ganin mace ta haifi ɗaya ko biyu, sannan shiru shekara da shekaru. Hoton mahaifa na musamman a asibiti ne ke nuna wannan.

Na biyu shi ne maigida. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai, ko tare da ta matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin maniyyinsa ko lafiyarsu. Haihuwar da ya yi shekara goma da suka wuce ma ba ta tabbatar da halin da yake ciki yau. Gwajin maniyyi yana cikin mafi sauƙi da araha a duk binciken haihuwa, babu allura, babu ciwo. Ana so ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai kafin ya bayar. In sakamako bai yi kyau ba, akan maimaita bayan kamar wata uku, domin jiki yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya rage su na ɗan lokaci. Ina roƙon maza da babbar murya: bai dace mace ta sha jiƙe-jiƙe shekara biyar, a yi mata hoto mai ciwo, a yi mata kishiya a kan laifin da ba a tabbatar nata ba ne, alhali mijinta bai taɓa ba da gwajin rabin awa ba.

Yaushe za a je asibiti?

Ko ga lafiyayyun ma'aurata masu ƙuruciya, damar samun ciki a wata ɗaya ba ta wuce kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, ko da an dace da rana. Saboda haka in tsinke ya nuna, an yi abin da ya kamata, jini kuma ya zo, ba alamar cuta ba ce. Kimanin takwas cikin goma na ma'aurata suna samun ciki a cikin shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin rashin haihuwa ne idan an yi wata 12 ana saduwa a kai a kai ba tare da kariya ba, ciki bai samu ba. A rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da wannan a rayuwarsa, a ƙasashe masu arziki da matalauta kusan daidai.

Macen da ba ta kai shekara 35 ba, su je bayan shekara guda. Daga 35 zuwa sama, bayan wata shida. Wadda ta kai 40 kada ta jira ko kaɗan. Haka nan ba a jira idan al'ada tana ɗaukewa watanni, ko tana zuwa da ciwon mara mai kayarwa, ko nono yana fitar da ruwa alhali ba a shayarwa, ko an taɓa yin ciki a wajen mahaifa, ko ɓari ya maimaitu. Ta wajen maigida, in ya taɓa yin hangum bayan balaga har maraina suka kumbura, ko an yi masa aiki a wurin, ko ya taɓa jin mummunan rauni, ya faɗa wa likita tun zuwan farko. A fara da babban asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai. Ku je ku biyu, ku tafi da littafin. Likitan da aka miƙa wa lissafin wata shida, da ranakun jini da ranakun da tsinke ya nuna, an rage masa rabin tambayoyinsa.

Aikin aji da na gida

1. Jinin wata mata ya zo ranar 5 ga Yuni, na gaba ya zo ranar 6 ga Yuli. Kwana nawa ne zagayenta? A rana ta nawa za ta fara gwaji, kuma wace rana ce wannan a watan Yuli?

2. Wata kuma zagayenta na watanni shida ya kasance 29, 26, 31, 28, 30, 27. Da wanne za ta yi lissafi?

3. Ku zana tsinke uku a littafinku: wanda ya nuna, wanda bai nuna ba duk da layi biyu sun fito, da wanda ya lalace. Ku ba na kusa da ku ya karanta.

4. A gida mai mata uku, girki kwana bibbiyu, tsinken amarya ya nuna ranar da ta fita girki. Ku tattauna a rukuni, mata daban maza daban, yadda za a yi maganar ba tare da an tauye hakkin kowa ba.

A gida, kowace ta buɗe shafi a littafinta ta rubuta ranar da jininta na ƙarshe ya zo. Wannan shafin nata ne, ba za a duba shi a aji ba.